Moli na iya zama a ruwan teku, amma ba cikin awa uku ba

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a Abuja. Ina da akwatin kifin ruwan teku mai lita 200, da kifin kilawun biyu da duwatsu a ciki, kuma gansakuka ta dame ni. A wani akwatin na ruwan daɗi ina da baƙaƙen moli. Na ji ana cewa in aka riƙa ɗiga musu ruwan gishiri na awa uku ko huɗu za su iya komawa ruwan teku su riƙa cinye gansakukar. Gaskiya ne? Gishirin miya zai yi? Sauran kifayena, gupi da golfish, su ma za su iya?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa.

Gaskiya ne, moli na iya rayuwa a cikakken ruwan teku, ya ci, ya girma, har ya haihu a ciki. Inda nake ja da masu maganar shi ne wajen awa ukun nan. Akwai kifayen da kan tsallake, ba na musu. Amma da yawa daga cikin waɗanda aka yi wa wannan gaggawar, sai bayan kwana biyar ko sati ɗaya za ka ga sun rame, sun daina cin abinci, suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, mai akwatin kuma ya ɗora laifin a kan wani abu daban. Ni shawarata sati uku zuwa huɗu, a wani ƙaramin akwati na daban. Zan gaya maka dalili, domin in ka gane shi ba sai wani ya tsaya a kanka ba.

Asalin moli nahiyar Amurka ne. Wanda muke saya a shago galibi haɗin jinsi ne na wasu 'yan'uwan juna: Poecilia sphenops na Meksiko da Amurka ta Tsakiya, da Poecilia latipinna mai babban fiffiken baya, wanda ake samu a gaɓar teku daga Karolina ta Arewa zuwa Fulorida da Teksas har cikin Meksiko, sai Poecilia velifera na yankin Yukatan. Na biyun nan da na ukun mazauna bakin teku ne, cikin fadamu da kududdufai inda kogi ke haɗuwa da teku. In an yi ruwan sama gishirin wurin ya tsinke, in rana ta ƙafar da ruwan har ya fi na teku zartsi, kuma kifin na nan yana harkarsa. Wato iyawar gado ce. Sai dai naka moli bai taɓa ganin wannan fadamar ba, kakanninsa ma a gonar kifi aka haife su. Gadon na nan a jikinsa, amma sai an ba shi lokaci kafin ya farfaɗo.

Ga abin da ke faruwa a jikin. Gishirin da ke jinin kifi ya yi daidai da kimanin giram 10 zuwa 12 a lita, wajen sulusin na teku ke nan, wanda yake da giram 35. Ruwa kuwa ɗabi'arsa ce ya ratsa fata mai laushi ya nufi ɓangaren da gishiri ya fi yawa. Ka barbaɗa gishiri a kan yankakken tumatir ka dawo bayan minti goma, za ka tarar ruwansa ya tsatso waje. To, a ruwan daɗi jinin kifi ne ya fi gishiri, don haka ruwa ke ta shigarsa ta jajayen zaren nan da ke ƙarƙashin kumatunsa, waɗanda yake numfashi da su. Saboda haka ba ya shan ruwa sai kaɗan, ƙodarsa na ta zubar da fitsari mai yawa marar kauri, zaren numfashin kuma na tsinto ɗan gishirin da ke cikin ruwa yana mayarwa jini. A teku komai ya juye. Ruwan jikinsa ne ke tsiyayewa waje, gishiri na kutsowa ciki. Dole ya koma shan ruwan tekun, hanjinsa ya tsotse ruwan tare da gishirin, wasu ƙwayoyin halitta na musamman da ke zaren numfashin su riƙa tunkuɗa gishirin waje, ƙoda kuma ta rage fitsari ta koma fitar da maganiziyam da salfet.

Waɗannan ƙwayoyin masu tunkuɗa gishiri ba a shirye suke zaune ba a jikin kifin da ya tashi a ruwan daɗi. Sai jiki ya ji canjin, ya saki sinadarin kotisol, sannan a sake fasalin tsofaffin, a gina sababbi. Aikin kwanaki ne. Kifin da aka jefa teku cikin awa uku yana yin kwanakin nan ne jininsa na ƙara gishiri, jikinsa na bushewa alhali yana tsakiyar ruwa. Mai ƙarfi ya kai labari, marar ƙarfi ya tafi, wanda ya rayu ma garkuwar jikinsa ta yi rauni a daidai lokacin da zai haɗu da cututtukan da bai sani ba.

Daga nan za ka gane cewa matakan ba ɗaya suke ba. Daga ruwan daɗi zuwa giram 10 sauƙi ne ga moli, kusan hutu ma yake samu, tunda ruwan na matsowa kusa da jininsa. Wahalar na farawa ne daga giram 12 zuwa sama, inda jiki zai juya aikinsa gaba ɗaya. A nan ne ba na son a yi sauri ko kaɗan.

Akwai kuma wasu masu rai a akwatin da mutane ke mantawa da su, wato bakteriyar da ke cikin matatar ruwa, masu mayar da amoniyar kashin kifi zuwa naitirait, daga nan zuwa naitiret. Na ruwan daɗi ba sa jure hauhawar gishiri farat ɗaya, sai aikinsu ya tsaya. Ga shi kuma ruwan teku ma'aunin pH ɗinsa, wato awon tsamin ruwa ko rashinsa, na wajen 8.1 zuwa 8.3, kuma tsakanin pH 7 da 8 kason amoniya mai guba na ninkawa kusan sau goma. Amoniyar da kifinka ke jurewa jiya a ruwan daɗi, yau ita ce za ta ƙona masa zaren numfashi, wurin da muke roƙon ya yi mana sabon aiki. Yawancin mace-macen da ake cewa gishiri ne ya jawo, a ganina amoniya ce. Wannan ne kuma ya sa na ce akwati daban, ba na ruwan daɗin da kake da shi ba: tsirran ciki za su ruɓe tun gishiri bai yi nisa ba, yawancin dodon koɗi su mutu, su ƙara wa ruwan datti.

Gishirin miya ba zai yi ba. Mutane kan ɗora laifin a kan aidin ɗin da ake sa masa, amma ba shi ne babbar matsalar ba. Abin da babu a cikinsa ne matsalar. Sodiyam da kulorayid kimanin kashi 85 cikin 100 ne na gishirin teku. Ragowar salfet ne, da maganiziyam wajen miligiram 1,300 a lita, da kalsiyam wajen 400, da fotasiyam, da sinadaran da ke riƙe pH kada ya faɗi. Ruwan da aka cika da gishirin miya giram 35 ba ruwan teku ba ne, kuma kifi ba zai daɗe a cikinsa ba. Haka farin gishirin da ake sayarwa a shagon kifi don magani a ruwan daɗi, shi ma sodiyam kulorayid ne zalla. Kanwa da manda da gishirin Bilma kuwa kada ma su zo kusa. Kanwa za ta harba pH sama fiye da abin da kifi zai ɗauka. Haɗaɗɗen gishirin akwatin teku za ka yi amfani da shi, irin su Instant Ocean ko Red Sea ko Tropic Marin, wanda na tabbata da shi kake haɗa ruwan babban akwatinka. Wajen giram 38 a lita kan ba da cikakken ruwan teku, amma sikeli jagora ne kawai, na'urar awo ce ke yanke hukunci. Rifiraktomita ta fi haidiromita ta roba mai allura, wadda kumfa ɗaya in ta maƙale mata sai ta ba ka ƙarya. A kan na'urar, 1.005 na nufin gishiri wajen giram 7 ne a lita, 1.010 wajen 13, 1.015 wajen 20, 1.020 wajen 27, sai 1.026 shi ne 35. Ka haɗa ruwan a bokiti, ka sa masa iska ya kwana. Kada ka taɓa zuba garin gishiri kai tsaye cikin akwatin da kifi ke ciki.

Yanzu aikin kansa. Ka samu akwati ko babbar roba mai tsabta ta lita 40, ka cika da ruwa daga akwatin da molin suke yanzu, ka sa matatar soso wadda ta riga ta yi aƙalla sati biyu tana aiki a can, da famfon iska, da murfi domin moli na tsalle. Zafin ruwa digiri 25 zuwa 27. Kifi uku ko huɗu sun isa, namiji ɗaya mata biyu ko uku, don kada ya addabi mace ɗaya da bi. Ka zaɓi matasa masu kuzari, waɗanda suka yi aƙalla sati biyu a hannunka suna ci. Ka bar masu ƙumburarren ciki da gajeren jikin nan da ake kira balan-balan. Ƙashin bayansu a tanƙware yake tun haihuwa, kayan cikinsu a matse, ba su da ƙarfin wannan tafiya. Masu dogon jela kamar mayafi ma igiyar ruwa za ta wahalar da su daga baya. Baƙar moli mai gajeren fiffike da mai babban fiffiken baya su suka fi dacewa.

Bayan sun yi kwana biyu sun natsu, duk bayan kwana biyu ka kwashe lita 4, wato kashi 10 cikin 100, ka mayar da lita 4 na cikakken ruwan teku, a hankali, kana ɗan zubawa cikin minti talatin ko fiye. Canjin farko zai kai ka giram 3.5, na biyu kusan 7, na uku 9.5, na huɗu 12, na biyar 14, na shida 16. Ka lura yadda tazarar ke raguwa da kanta a daidai inda ake buƙatar ta ragu. Abin da nake so ke nan da wannan hanyar. Daga nan ka koma lita 8 sau biyar: 20, 23, 25.5, 27.5, 29. Sai lita 12 sau biyu, ka tsaya wajen 32. Canji goma sha uku ke nan cikin kwana 26, babu matakin da ya kai giram 4, kuma gishirin da zai ci bai wuce kilo uku da rabi ba. In ka kai wajen giram 20, ka ɗauko ɗan dutse ko guntun soso daga babban akwatin ka jefa, don bakteriyar ruwan teku su kama wuri yayin da na ruwan daɗi ke ja da baya. Ka riƙa auna amoniya da naitirait kafin kowane canji. In ɗayansu ya nuna, ka dakatar da ƙarin gishiri, ka canja ruwa da wanda gishirinsa ya yi daidai da na akwatin, ka rage abinci, sai awon ya dawo sifiri.

Lissafin nan ba doka ba ne, kifin ne zai gaya maka ko ka ci gaba. Ka zauna gaban akwatin minti biyar da safe kafin ka ba su abinci. Moli mai lafiya ba ya zama wuri ɗaya: fiffikensa a buɗe, yana tsattsagar bangon gilashi da leɓensa, namiji na zagaya mace, kuma da inuwar hannunka ta gitta duk za su taso sama. Wanda abin ya yi wa yawa za ka gan shi a kusurwa ko bayan matatar ruwan, fiffiken bayansa a kwance, jelarsa a tsuke kamar an matse ta, yana karkaɗa jiki hagu da dama amma ba ya gaba ba ya baya. Kumatunsa na bugawa da sauri, wani lokaci baƙin jikinsa ya yi toka-toka saboda majinar da fata ke fitarwa. In ka ga haka, ka fara da awon amoniya. In ba ita ba ce, ka kwashe lita 4 ka mayar da ruwan daɗi wanda babu kulorin, ka bar su kwana huɗu ko biyar. Saukar da gishiri ya fi ɗaga shi sauƙi ga kifi, don haka kada ka ji tsoron komawa baya. Mace mai ciki kan zubar da 'ya'ya a tsakiyar tafiyar. In sun fito da rai ka bar su a nan, waɗanda suka tashi cikin ruwan gishirin sukan fi iyayensu ƙwari a teku.

Yanayinmu ma yana da nasa. Ruwa ne ke ƙafewa, gishiri ba ya tafiya. Da hunturu, iskar nan mai bushewa na iya sauke maka ruwan ƙaramin akwati a 'yan kwanaki, gishiri ya hau ba da saninka ba, lissafinka ya rikice. Ka ja layi da maka a jikin akwatin, kullum ka cike zuwa layin da ruwan daɗi tatacce. Da bazara kuma matsalar iska ce: ruwan teku na riƙe iskar oksijin ƙasa da ruwan daɗi da kusan kashi ɗaya cikin biyar, zafi kuma na ƙara rage ta, alhali kifin da ke wannan aiki ya fi kullum buƙatarta. In wuta ta ɗauke da rana a watan Maris ko Afrilu, akwatin lita 40 ba shi da dogon numfashi. Ka tanadi ɗan famfon iska mai batir ko wanda ake caji, ko ka jona shi da inbata. In da zaɓi, ka fara aikin da damina.

Ranar ƙaura ce ranar da ɗigon nan yake da amfani, domin tazarar da ta rage giram uku ce kawai. Robar ƙarin ruwa sabuwa daga kemis ta wadatar: ka cire allurar, ka sa bakin ɗaya cikin babban akwatin, ɗayan cikin bokitin da kifin ke ciki da ruwansu, ka saita ɗan tayan nan ya riƙa sakin ɗigo biyu zuwa huɗu a daƙiƙa. In ruwan ya ninka ka zubar da rabi, ka bari ya sake ninkawa.  Ka ɗebe su da raga, ruwan bokitin kada ya shiga akwatin, ka kashe fitila har washegari. In akwai rauni a hannunka ka sa safar roba. Akwai bakteriya mai suna Mycobacterium marinum da ke zama a ruwan daɗi da na gishiri duka, tana kama mutum ta ƙujewar fata, kuma ciwonta na daɗewa.

Bayan ƙaura ne mutane suka fi asarar moli, kuma ba gishiri ke kashe su ba. Kifin ruwa mai kwanciya ne. Injinan kaɗa ruwa na akwatin teku na iya gajiyar da shi har ya manne a jikin ragarsu, don haka ka rage musu ƙarfi na 'yan kwanaki, ka tabbata akwai lungun da ruwa ke lafawa. Kilawun biyu da suka riga suka mallaki wuri za su kore shi, musamman macen. A lita 200 da duwatsu yawanci ana rabuwa lafiya, amma ka sa ido a kan yagaggen fiffike. Babba a ciki ita ce cuta. Farin ɗigon ruwan daɗi, Ichthyophthirius, ba ya rayuwa a ruwan teku, wannan alheri ne ga kilawun ɗinka. Amma na teku, Cryptocaryon irritans, moli bai taɓa haɗuwa da shi ba, ba shi da kariya ko kaɗan, kilawun kuwa na iya ɗauke da shi ba alama. Shi ya sa wasu ke sa baƙar moli da gangan don gwada ko akwatinsu na da cutar, tunda farin ɗigo ba ya ɓuya a baƙin jiki. In ka ga ɗigon cikin sati biyun farko, ka mayar da molin ƙaramin akwatinsu ka sauke gishirin cikin kwana biyu zuwa ruwan daɗi, ƙwayar ba ta jure shi. Amma ka san cewa babban akwatin ne ke da cutar: kilawun na buƙatar magani a wani wuri, akwatin kuma ya zauna ba kifi na sati shida zuwa goma sha ɗaya.

Sauran kifayenka kuwa, gupi ɗan'uwan moli ne, ana iya kai shi ruwan teku a hankali, amma ƙarami ne, jelarsa ba ta igiyar ruwa ba ce, kuma ba zai yi maka aikin gansakuka ba. Ban ga ribar wahalar da shi ba. Golfish sam. Ba shi da wannan gadon, da gishirin ruwa ya haura na jininsa sosai sai mutuwa, ko an ɗauki shekara ana sabar masa. Haka tarwaɗa da tetira da koridoras. Filati da mai jelar takobi ma ɗan zartsi kaɗan suke ɗauka. Masu iyawa su ne waɗanda asalinsu bakin teku ne, irin su Scatophagus argus da Monodactylus argenteus, waɗanda in sun girma ma sun fi son ruwan tekun, sai dai girmansu ya fi ƙarfin akwatinka. A nan Afirka ta Yamma muna da namu: karfasa mai baƙin haɓa, Sarotherodon melanotheron, da ke tafkin gaɓar Legas, wadda a mashigin Salum na Senegal ake samunta a ruwan da gishirinsa ya haura giram 100 a lita.

Game da gansakukar da ta kawo maganar, moli na cin mai laushi, wadda ke shafe gilashi da sabon tohon mai kama da gashi. Doguwa da ta tsufa, da mai ƙwallaye kamar kumfa, da jan yauƙin nan da ke shimfiɗa kan yashi, waɗannan ba kasafai yake taɓa su ba. Kuma ba zai rayu a kan gansakuka kaɗai ba, sai ka haɗa masa da abinci mai sifirulina, wata irin koriyar gansakuka da ake busarwa a sa a abincin kifi. Shi kansa mai yawan ci ne da yawan kashi, mace kuma na iya haihuwa duk bayan sati huɗu zuwa shida, don haka yana iya ƙara wa ruwan takin da gansakukar ke sha. Tun da wata guda ke gabanka, ka yi amfani da shi: ka auna naitiret da fosfet na babban akwatin, ka auna na ruwan da kake haɗa gishiri da shi, domin in na bohol ne ko na famfo kai tsaye, sau da yawa daga nan takin ke shigowa. Ka koma ruwan da aka tace da na'urar RO, mai cire sinadaran da suka narke a ruwa, ka rage fitila zuwa awa takwas, ka tsige dogayen da hannu duk ranar canjin ruwa, yadda molin za su tarar da gajeren toho da bakinsu zai iya.